Siemens da Asusun Ɓoye: Yadda Mai Amana Ke Zama Ma'ajin Cin Hanci

Da sanyin safiyar 15 ga Nuwamba, 2006, 'yan sanda da masu gabatar da ƙara na birnin Munich a Jamus suka dira ofisoshin kamfanin Siemens da gidajen wasu ma'aikatansa, suna kwashe takardu. Cikin ƙofofin da suka ƙwanƙwasa har da ta Reinhard Siekaczek, tsohon manaja a sashen sadarwa na kamfanin. Bai ja da su ba. Kamar yadda ya shaida wa jaridar New York Times daga baya, cewa ya yi da jami'an ya san abin da ke tafe da su, kuma ya daɗe yana zuba idon zuwansu.

Wannan mutum ba ɗan damfara ba ne da ya shigo kamfani da mugun nufi. Tun yana matashi ya kama aiki a Siemens, a nan ya yi furfura. A bisa nasa bayanin, daga 2002 zuwa 2006 kuɗin da ke bi ta hannunsa domin toshiyar baki a ƙasashen waje yakan kai dala miliyan 40 zuwa 50 a shekara. Duk da haka, kotu ba ta same shi da zuba kuɗin a aljihunsa ba. Hasali ma abin da ya sa manyansa suka ɗora masa aikin ke nan: sun san ba shi da ɗan hali. Asusun da babu shi a littafin kamfani, babu mai bincikensa, ba a damƙa shi sai a hannun wanda aka yarda da amanarsa.

Wannan shi ne abin da ya sa lamarin Siemens ya cancanci a zauna a kansa. Ɓarawon da ya san shi ɓarawo ne, sha'aninsa mai sauƙi ne. Mai wuyar sha'ani shi ne mutumin kirki da ke kwana da tashi cikin ɓarna, yana komawa gida ya yi barci da kwanciyar hankali, saboda ya riga ya tanadi amsar da zai ba zuciyarsa. Kuma idan aka bi diddigin amsoshin da ma'aikatan Siemens suka riƙa ba kansu, za a tarar ba su suka ƙirƙira ba. Tarar da su suka yi a wurin aikin.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane yadda aka faɗa wannan rami. Siemens tsohon gida ne. An kafa shi a Berlin a 1847, kuma a lokacin da abin ya fashe yana da ma'aikata fiye da dubu 400 a ƙasashe kusan 190, yana ƙera injinan lantarki, jiragen ƙasa, na'urorin asibiti da kayan sadarwa. Manyan masu sayen irin waɗannan kaya gwamnatoci ne. Har zuwa 1999, dokar Jamus ba ta ɗauki ba jami'in wata ƙasa cin hanci a matsayin laifi ba. Abin bai ma tsaya nan ba: kamfani na iya rubuta kuɗin a cikin abin da ya kashe wajen neman kasuwa, a rage masa haraji. A littattafan kamfanoni ana sa su ƙarƙashin "kashe kuɗi mai amfani". Amurka ta haramta wannan ɗabi'a tun 1977, amma ƙasashen Turai da dama sun yi shekaru 20 ba su bi sahu ba, sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar yaƙi da cin hanci ta OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, a Disambar 1997. Jamus ta fara aiki da sabuwar doka a Fabrairun 1999. A Maris na 2001 kuma Siemens ya shiga kasuwar hannun jari ta New York, wanda hakan ya jefa shi ƙarƙashin dokar Amurka.

Doka ta canja a rana ɗaya, mutanen da ke cikin ofis ba su canja ba. Manajan da ya shekara 20 yana ganin ana biya, hukumar haraji na karɓar lissafin ba tare da ta ce uffan ba, da wuya ya wayi gari ya yarda cewa duk tsawon rayuwar aikinsa cikin ɓarna ya yi ta. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce dokar ce ba ta san kasuwa ba, 'yan siyasa ne suka rubuta ta a ɗaki mai sanyi. Saboda haka maimakon a daina, sai aka koma yi a ɓoye. Aka riƙa ajiye kuɗi a asusun bankunan Ostiriya, da ido ya fara kaiwa nan aka karkata zuwa kamfanonin bogi da asusu a Liechtenstein da Suwizalan. Aka riƙa ƙulla yarjejeniya da "masu ba da shawara kan kasuwanci" waɗanda babu shawarar da suke bayarwa, aikinsu kawai su karɓi kamasho su isar da shi inda aka nufa. Hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka, SEC, ta ƙirga biyan kuɗi sau 4,283 tsakanin Maris 2001 da Satumba 2007, jimillar kusan dala biliyan 1.4. Ƙasashen da aka ambata sun haɗa da Ajantina, Benezuwela, Bangaladash, Isra'ila, Sin, Rasha, Meziko, Najeriya da Iraƙi.

Hujjar farko da aka fi ji ita ce ta tilas. Siekaczek ya bayyana cewa a ganinsu idan suka daina biya sashensu zai durƙushe, dubban mutane su rasa abinci. Wannan hujja tana da ƙarfi saboda ba ƙarya ce zalla ba. Sashen sadarwa na Siemens yana cikin matsi a waɗancan shekaru, bayan faɗuwar kasuwar kayan sadarwa a farkon shekarun 2000, ga kuma gasa mai zafi. Manajan da ke sa hannu ya san fuskokin waɗanda ke ƙarƙashinsa, ya san wanda matarsa ta haihu da wanda ke biyan bashin gida. Idan ya auna su da wani jami'i a wata ƙasa mai nisa da zai karɓi kashi 5 ko 6 cikin ɗari na kuɗin kwangila, sai ya ga ai tausayi ne ma ya sa shi biya. A nan ne ɓarnar take samun mafaka mafi kauri, domin ba da kwaɗayi aka gina ta ba, da kyakkyawar ɗabi'a aka gina ta. Mutum na iya jin kunyar kwaɗayinsa, amma wa zai ji kunyar tausayinsa?

Tun 1957 wasu masana halayyar jama'a biyu 'yan Amurka, Gresham Sykes da David Matza, suka lura da wannan a binciken da suka yi kan matasa masu aikata laifi. Sun ce galibin masu karya doka ba ƙin dokar suke yi ba. Sun yarda da ita, sai dai suna da dabarun kashe kaifinta na ɗan lokaci: mutum ya ce ba laifinsa ba ne, ko babu wanda ya cutu, ko wanda ya cutun shi ya ja wa kansa, ko masu zargin ma ba su da tsarki, ko kuma akwai wata biyayya da ta fi ta doka. Daga baya Blake Ashforth da Vikas Anand suka ɗauko wannan tunani zuwa cikin kamfanoni, suka nuna a 2003 yadda ɓarna ke zama al'ada har sabon shiga ya ɗauke ta a matsayin yadda ake aiki. Wanda ya karanta bayanan shari'ar Siemens zai ga kusan duk waɗannan dabaru, sai dai a bakin injiniyoyi da akantoci masu kwat da taye.

Hujja ta biyu ita ce "kowa ma yi yake". Idan ba mu biya ba wani kamfanin zai biya ya kwashe aikin, kuma kayansa ba su kai namu inganci ba. Da wannan magana mutum ke sauke nauyin daga wuyansa ya ɗora wa kasuwa. Akwai kuma ƙanwarta wadda ta fi muni: ai al'adar ƙasashen can ce, haka suke harka. Wato mai bayarwa ya wanke kansa tas, laifin duka na mai karɓa ne da ƙasarsa. Ba ya tsayawa ya tambayi kansa wa ya koya wa jami'in cewa kowace kwangila tana da farashi a ƙarƙashin tebur, in ba kamfanonin da suka shekara da shekaru suna biya ba.

Amma hujjar da ta fi kowace riƙe mutane irin Siekaczek ita ce wannan: ban ci ko sisi ba, don kamfani na yi. A tunaninsu rashawa ita ce mutum ya azurta kansa. Tunda gidansa bai canja ba, motarsa ba ta canja ba, kuma yana iya ba da lissafin kowane kuɗi da ya fita daga asusun ɓoyen, to shi mai gaskiya ne. Kuma a wani ɗan ƙaramin da'ira, gaskiyar ce. Yana riƙe amanar mutum biyar ko goma da suka san sirrin. Abin da ya ɓace masa shi ne cewa wannan amana an yanko ta ne daga wata babba: ta masu hannun jari da ake nuna wa littafin ƙarya, ta hukumomin da ake ɓoye wa, da ta al'ummar da za ta biya kuɗin aikin.

Yanzu a dubi yadda abin ke gudana a kan tebur, domin a nan hujjojin suke tona kansu. Siemens na da ƙa'idar cewa ba a fitar da kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu. Masu bincike sun gano cewa a wasu takardun biyan kuɗi, manajoji ba sa sa hannu a jikin takardar. Sai a manna 'yar ƙaramar takarda mai gam, irin wadda ake liƙawa a ɓanɓare, a sa hannu a kanta. Kuɗi ya fita, idan bincike ya taso a ɓanɓare 'yar takardar, sunan kowa ya ɓace. A lokacin akwai kuma wasu kantocin biyan kuɗi a cikin ofisoshin kamfanin inda ma'aikaci kan iya karɓar tsabar kuɗi har yuro miliyan 1 a tashi ɗaya, wani lokaci ya zuba a akwati ya tsallaka iyaka da su.

Wannan 'yar takarda mai gam ta ishe ni shaida. Mutumin da ya yi imani da gaske cewa abin da yake yi daidai ne, ceton ayyukan mutane yake yi, ba zai ji tsoron barin sunansa a takarda ba. Hannun da ke sa hannu a inda za a iya ɓanɓarewa ya san abin da bakin ke musantawa. Shi kansa Siekaczek ya riƙa ɗaukar kwafen takardu yana adanawa, saboda ya hango ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Saboda haka kuskure ne a ce waɗannan mutane ba su san suna ɓarna ba. Sun sani, kuma sun tanadi abin da zai hana sanin ya dame su. Hujjar ba ta goge sani, rufe shi take yi daidai gwargwadon yadda mutum zai iya zuwa aiki gobe.

Tsarin kamfanin ma ya taimaka. An rarraba aikin yadda babu wanda ke ganin ɓarnar daga farko zuwa ƙarshe. Mai neman kasuwa ya ce shi dai ya kawo buƙata. Mai sa hannu ya ce yarjejeniyar ba da shawara ya gani. Akanta ya ce an kawo masa takarda cikakkiya ya biya. Na sama ya ce ba a taɓa kawo masa maganar a rubuce ba, na ƙasa kuma ya ce shirun na sama ai umarni ne. A fili kamfanin na da dokokin ɗa'a a rubuce, har yana cikin mambobin reshen Jamus na ƙungiyar yaƙi da rashawa ta Transparency International, dangantakar da ta yanke a ƙarshen 2006. Sabon ma'aikaci zai karanta dokar a takarda, ya kuma ga wanda ake yi wa ƙarin girma. Ba sai an faɗa masa wanne ne na gaske ba. Kuma ba a fara shi da akwatin kuɗi. Yau a ce ya sa hannu a wata takarda, gobe ya tura kuɗi ga wani mai ba da shawara, kafin ya farga ya yi nisa, fita ta zama tona wa kai asiri.

Sauran hujja guda, wadda ita ce ginshiƙin duka: babu wanda ya cutu. Kamfani ya sami aiki, jami'i ya sami rabonsa, ƙasa ta sami injin mai kyau, to ina matsalar? Wannan magana tana tsayuwa ne kawai saboda wanda ya cutu ba ya cikin ɗakin. Kuɗin toshiyar baki ba daga sama yake faɗowa ba, a cikin kuɗin kwangilar ake cusa shi, kuma baitulmalin ƙasar ne ke biya. Kamfanin da ya zo da farashi mai sauƙi bai ba da komai ba ya tafi hannu rabbana, shi ma yana da ma'aikata masu iyali, sai dai manajan Siemens bai san fuskokinsu ba.

Lamarin Ajantina ya nuna har shi mai bayarwar bai tsira ba. A 1998, zamanin Shugaba Carlos Menem, Siemens ya sami kwangilar kusan dala biliyan 1 ta yin katin shaidar ɗan ƙasa. An biya miliyoyin daloli don a same ta. Gwamnati ta canja, aka dakatar da aikin, a 2001 aka soke shi. Biyan bai tsaya ba, domin yanzu akwai sababbin jami'ai da ake so su farfaɗo da kwangilar, ga kuma tsofaffin dillalai da ake tsoron su buɗe baki. Wanda ya ba da cin hanci sau ɗaya ya ba wani makamin da zai riƙa tatsarsa. Kamfanin ya kai ƙarar Ajantina gaban kotun sasanta rikicin zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya, a 2007 aka yanke a biya shi fiye da dala miliyan 200. Bayan asiri ya tonu, a 2009 ya haƙura da kuɗin. A Disambar 2011 hukumomin Amurka suka tuhumi mutum 8, tsofaffin jami'ai da wakilan kamfanin, kan wannan kwangila.

Kotunan Jamus kuwa sun tunkari hujjar "don kamfani na yi" kai tsaye. Kafin shari'ar Siekaczek, an gurfanar da wasu tsofaffin jami'an sashen makamashi biyu a Darmstadt kan biyan kusan yuro miliyan 6 ga manajojin kamfanin lantarki na Italiya, Enel, domin samun kwangilar injina. Da maganar ta kai babbar kotun tarayya, a Agustan 2008 ta yanke cewa ajiye asusun ɓoye shi kansa cin amanar kamfani ne, ko da mai ajiyewar ya yi niyyar amfanar kamfanin da shi, ko da ma kamfanin ya ci riba daga baya. Dalilin kotun a fili yake: kuɗin da aka fitar daga littafi ya fita daga ikon mai shi, kuma ma'aikaci ba shi da hurumin yanke wa mai dukiya abin da zai amfane shi a bayan idonsa. Shi ma Siekaczek da laifin cin amana aka kama shi a Yulin 2008. Aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara 2 da tarar yuro dubu 108, bayan ya ba masu bincike haɗin kai sosai. Mutumin da aka zaɓa saboda amana, da cin amana aka hukunta shi, kuma a ganina kotun ba ta yi kuskure ba.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda aka rufe shari'ar. A Disambar 2008 Siemens ya amince ya biya Amurka dala miliyan 800, wanda idan aka haɗa da abin da ya biya a Munich ya kai kusan dala biliyan 1.6. Amma uwar kamfanin ba ta amsa laifin ba da cin hanci ba a kotun Amurka. Laifin da ta amsa shi ne na rashin tsare littattafan kuɗi da rashin sa ido, abin da ya ba ta damar ci gaba da neman kwangilar gwamnati. Manyan da suka jagoranci kamfanin a shekarun ɓarnar sun sauka: Heinrich von Pierer a Afrilun 2007, Klaus Kleinfeld bayansa da 'yan watanni. Dukansu sun musanta hannu a ciki, kuma ba a same su da laifin rashawa ba. Von Pierer ya biya kamfanin yuro miliyan 5 a sasantawa. Ma'aikacin da ke kallon wannan daga ƙasa zai iya fita da sabuwar hujja: na tsakiya ke zuwa kotu, kuma komai girman ɓarna akwai farashin da ake rufe ta da shi. Hukuncin da bai kai sama ba yana iya ciyar da irin tunanin da aka zo kashewa.

Abin da ya fi tasiri wajen karya shirun ba tarar ba ce. A Yulin 2007 aka naɗa Peter Löscher, mutum na farko daga wajen kamfanin da ya shugabance shi, wanda babu mai bin sa bashin rufin asiri. A ƙarshen shekarar ya yi shelar afuwa ga ma'aikatan da ba manyan shugabanni ba: wanda ya fito ya faɗi abin da ya sani ba za a kore shi ba, wanda ya yi shiru aka gano shi daga baya zai tafi. Fiye da mutum 100 suka fito. Mutanen da suka shekara suna cewa biyayya ga kamfani ita ce yin shiru, sai ga kamfanin da kansa ya ce biyayya ita ce magana. Da aka janye wannan ginshiƙi, hujjar ba ta da abin jingina. An sauya kusan dukkan majalisar gudanarwa, aka ɗauki ɗaruruwan ma'aikatan sa ido, aka naɗa tsohon ministan kuɗin Jamus, Theo Waigel, ya riƙa bibiyar gyaran daga waje. A 2009 kamfanin ya kuma amince da Bankin Duniya zai kashe dala miliyan 100 cikin shekara 15 wajen tallafa wa ayyukan yaƙi da rashawa.

Batun tilas kuwa, lokaci ya gwada shi ta fuska biyu. Sashen sadarwar da aka ce don ceton sa ake biya bai tsira ba. An miƙa ɓangaren wayar hannu ga kamfanin BenQ na Taiwan a 2005, reshensa na Jamus ya karye a 2006, kimanin mutum 3,000 suka shiga halin rasa aiki. Ɓangaren manyan na'urorin sadarwa kuma aka haɗe shi da na Nokia a 2007, daga baya Siemens ya sayar da kasonsa a 2013. Matsalar sashen ta kaya ce da farashi da gasa, abubuwan da toshiyar baki ke ɓoyewa ba ta gyarawa. Shi kuwa sauran kamfanin, wanda aka rantse ba zai iya kasuwa ba sai da asusun ɓoye, ya ci gaba da samun manyan kwangiloli bayan an rufe asusun, kuma a shekarun 2010 da 2011 ya bayyana riba mai yawa.